Bashe ta ƙi mutuwa: masu tayar da tsofaffin Peugeot 404 da 504 daga kan bulo

A kusan kowace tsohuwar unguwa ta Maradi, Damagaram ko Tawa akwai irinta. Mota ce mai buɗaɗɗen baya da aka jingine a gindin bedi ko a lungun gareji, an cire tayoyinta an ɗora ta kan bulo, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta, kaji kuma sun mayar da gidan direba akurki. Idan aka goge ƙurar da ke hancinta sai hoton zaki ya bayyana. Peugeot ce, ko Fijo a bakin jama'a, 404 ko 504, wadda a Nijar ake kira bashe, a ƙetaren iyaka kuma a ce mata a-kori-kura.

Mutum biyu ne ke zawarcin irin wannan mota a yau. Na farko mai sayen tsohon ƙarfe ne, wanda ba ya ganin komai a jikinta sai kilo, kuma da ya biya zai kira mai walda a yanka ta gunduwa-gunduwa. Na biyun ba shi da yawa tukuna, amma yana nan: matashin da ya tashi ya ga mahaifinsa ko kawunsa na ci da gida da ita, yanzu kuma yana aiki a Yamai, ko yana ci-rani a Faransa, Beljiyam ko Amurka, yana son ya sake jin ƙarar injinta. Sau da yawa mai ƙarfe ne ke riga isa, domin shi kuɗinsa na aljihu, kuma ba ya jan ciniki.

Motar da ta yi wa karkara hidima

Sunan bashe daga Faransanci ya samo asali, daga tamfol ɗin da ake lulluɓe bayan motar da shi. Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a shekarar 1960, kuma gidan zanen motoci na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara surarta. Mai buɗaɗɗen bayan ta biyo a 1967. Ita kuwa 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, amma sai a 1979 aka yi mata tata bashen. Faransa ta daina ƙera 404 tun cikin shekarun 1970, sai dai an ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991. A Najeriya kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma 504 ba ta bar layin harhaɗawa a can ba sai tsakiyar shekarun 2000. Wannan ne ya sa har gobe kayanta ba su yanke a kasuwannin arewacin Najeriya ba.

Sunan da ta yi a Afirka ba talla ba ce ta ba ta shi. A tseren Safari na gabashin Afirka, wanda aka san shi da laka da ƙura da karya motoci, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, ta sake a 1966, 1967 da 1968, sannan 504 ta karɓa a 1975. Amma manomin Gazawa ko ɗan kasuwar Matamaye bai buƙaci labarin Kenya ba kafin ya yarda da ita. Ya ga tana ɗaukar kusan tan ɗaya a takarda, fiye da haka a zahiri, tana ratsa yashi da burji ranar kasuwa da buhunan gero, wake, gyaɗa ko albasar Galmi, fasinjoji na zaune a benci biyu a baya, karen mota kuma na maƙale a ƙofar baya. Mata masu naƙuda da yawa a cikinta aka kai su asibiti, amare da yawa a cikinta aka kai kayan ɗakinsu.

Akwai kuma wata hanya da Peugeot ta bi ta shigo ƙasar wadda matasan yanzu ba su cika sani ba. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turai kan sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset, In Guezzam, Assamaka, Arlit har Agadas, su sayar da motar a Nijar ko su zarce da ita gaba, sannan su koma gida a jirgi da kuɗin. Rashin tsaro a Aljeriya da arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ne ya tsayar da wannan fatauci. Daga baya motocin Japan, musamman Toyota Hilux da Land Cruiser, suka karɓe hanya, bashe ta koma ɗaukar itace, bulo da yashi, har ranar da ta tsaya ba a sake tayar da ita ba.

Daga ina sha'awar ta fito?

A Turai da Amurka gyaran tsofaffin motoci tsohuwar sha'awa ce mai kasuwarta. A Amurka mutane na kashe shekaru a kan Ford F-100 ko Chevrolet C10 guda, wasu su mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, wasu su bar tsohon jiki su cusa masa sabon inji. A birnin Paris ana baje kolin Rétromobile tun 1976, a Sochaux kuma, mahaifar Peugeot, akwai gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a 1988. Dokar Faransa ta ba motar da ta haura shekara 30 damar samun takarda ta musamman a matsayin kayan tarihi. Ɗan Nijar ɗin da ke can, wanda ya ga Bature na goge 404 bashe da ƙyalle kamar jariri, mutane na ɗaukar hotonta, ba abin da zai faɗo masa a rai sai wadda ya baro a ƙofar gidansu kaji na kwana a ciki. Sauran aikin YouTube, Facebook da TikTok ne suka ƙarasa shi, inda bidiyon tayar da injin da ya shekara ashirin a kwance ke samun masu kallo har a Zinder da Birnin Ƙonni.

A gida kuwa ba kowa ke fahimtar abin ba. Ga dattawa da yawa mota kayan neman abinci ce, kuma wanda ya zuba kuɗin da zai sayi ƴar Hilux ko fili a kan motar da ta girme shi, ana yi masa kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. Wannan suka ba ta rasa tushe ba, musamman a lokacin da buhun hatsi ke gagarar gidaje. Sai dai akwai abin da masu sukar ba su lissafawa: kuɗin gyaran kusan duka a cikin gari suke tsayawa, a hannun makanike, mai walda, mai fenti, mai ɗinkin kujera da mai haɗa waya.

Abin da ya sa take gyaruwa

Babbar sa'ar mai son tayar da bashe ita ce an ƙera ta a zamanin da ake gina mota don a gyara ta. Babu kwamfuta a cikinta. Injin fetur na 404 mai girman cc 1,618 ne, silinda huɗu, a kishingiɗe gefe guda, da karbireta da kwantak. Na gazuwal, wanda ake kira Indenor, cc 1,948 ne, a 504 kuma ya kai 2,304. Kowace silinda a injin fetur tana da rigarta ta ƙarfe da ake zarewa, wadda makanikai ke ce wa shemiz, saboda haka idan ciki ya cinye ba sai an jefar da injin ba, riga da fistin da zobba ake sauyawa ya koma aiki. Wannan dabara ce ta sa inji guda ya yi wa gidaje hidima shekara talatin.

Raunin injin yana samansa. Kan injin, wato kulas, na alminiyam ne, kuma ba ya jure zafi. Motar da aka shekara ana zuba wa lagiretonta ruwan rijiya mai gishiri da kanwa, hanyoyin ruwanta sun toshe ko sun zaizaye, kuma tafasa ɗaya a zafin watan Afrilu ta isa ta lanƙwasa kulas. Wanda ya samu motar da ta daɗe a kwance, kuskure mafi tsada shi ne ya kawo batir ya murza makulli don ya ji ko tana da rai. Masu sanin aikin sukan cire fulogi, su zuba ɗan mai a cikin silinda, su bar shi ya kwana biyu, sannan su juya injin da hannu. Idan ya juya, akwai magana. Sai a zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki, domin fetur ɗin da ya shekara ya zama danƙo, a kwance karbireta a tsabtace ta, kafin a zo batun tayarwa.

Ta fuskar jiki, Sahel ta yi wa waɗannan motoci gata. A Turai gishirin da ake watsawa a kan titi lokacin ƙanƙara ya cinye yawancin 404 tun da daɗewa, a nan kuwa busasshiyar iska ta adana ƙarfen. Sai dai kada wannan ya ruɗi mai saye. Tsatsar bashe a gadon baya take ɓuya, inda fitsarin dabbobi, takin zamani, gishiri da kanwa suka shekara suna kwanciya, da kuma ƙarƙashin ƙafar direba inda ruwan damina ke taruwa a ƙasan shimfiɗa. Abin da ya fi tsatsa muni shi ne lodi. Motar da ta yi shekaru tana ɗaukar ninkin ƙarfinta, sasinta kan tsage a kusa da maƙalin sifirin baya, ko a mahaɗar gidan direba da gado, kuma sau da yawa an riga an yi masa walda a kan walda. Idan mota ta tsaya a fili aka ga ta karkace ko bayanta ya zauna, a nan ya kamata ciniki ya tsaya har sai an leƙa ƙasa da tocila. Ƙaramin maganaɗisu ma na da amfani: inda bai kama jikin mota ba, mastik ne aka cika aka shafe da fenti.

Rana ita ma ta ci nata rabon. Duk abin da yake roba ne, daga bututun birki zuwa zagayen gilashi da rigar wayoyin wuta, ya bushe ya tsattsage ko da ido bai gani ba.

Fenti a ƙarshe

A nan ne masu sabon shiga suka fi faɗawa rami, kuma ƴan ci-rani sun fi kowa. Wanda ke aiko da kuɗi daga nesa hoto yake son gani, shi kuwa hoto fenti yake nunawa. Sai a wayi gari mota na walƙiya, an sa mata sabbin fitilu da rediyo mai ƙara, alhali birkinta na shekara arba'in ne, sitiyarinta na wasa, wayoyinta kuma na jiran ranar da za su kama da wuta. Tsarin da ya dace a bi sananne ne a wurin duk wanda ya taɓa yin aikin: sasi da ƙasan mota tukuna, sai birki da sitiyari da sifirin, sai inji da giya da sanyaya inji, sai wuta, sannan jiki da kujeru. Fenti shi ne baƙon ƙarshe.

Batun birki ba na wasa ba ne. Tsofaffin 404 bashe birkin ganga gare su gaba da baya, kuma an yi su ne don hanyoyin da babu babura da adaidaita da ke kutsowa ta kowane ɓangare kamar yadda ake gani yau a tsakiyar Maradi ko Yamai. Babu jakar iska, mafi tsufa ma ko bel ba su da shi. Wanda zai ɗauki iyalinsa a ciki ranar sallah, sa bel da sabunta birki gaba ɗaya ya fi masa kowane ado.

Ga wanda ke nesa, abin da ya fi aminci shi ne ya biya aiki mataki-mataki, ya nemi bidiyon aikin da aka yi a ƙarƙashin mota maimakon hoton gabanta, kuma ya ce a ajiye masa duk tsohon kayan da aka cire. Wannan ba zargin makanike ba ne. Wasu tsofaffin kayan, kamar karbireta ta asali, agogon gudu, tambarin zaki da hannun ƙofa, sun fi sabbin da ke kasuwa inganci, kuma idan suka ɓata ba su dawowa.

A bar ta yadda take, ko a sauya mata zuciya?

Masu wannan sha'awa sun rabu gida biyu, kuma muhawarar kan yi zafi. Ɓangare na farko na ganin darajar motar na cikin asalinta: injinta na gado, giyar da ke jikin sitiyari, benci guda a gaba, ƙarafunan tamfol a baya, har launin da ta zo da shi. A kasuwar kayan tarihi ta Turai su ke da gaskiya, domin motar da injinta da lambobinta suka dace da na kamfani ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Ɓangare na biyu na cewa motar da ba ta iya zuwa Dakwaro ta dawo ba tare da an tura ta ba, kayan kallo ce kawai. Su ne ke cire kwantak su sa na'urar kunna wuta ta zamani, su maye gurbin tsohon dinamo da altaneta, su ƙara fanka mai aiki da batir a gaban lagireto, ko su ɗauko giya mai hawa biyar daga Peugeot 505 su ɗaura wa 504 don injin ya huta a kan kwalta. Wasu sukan wuce nan su sa injin gazuwal na 505, ko ma na Toyota.

Idan aka duba da kyau, sauye-sauyen ba ɗaya suke ba. Na wuta da na sanyaya inji ba su ɓata komai, ana iya mayar da su cikin yini guda, kuma suna rage tsayuwa a hanya. Kayan 505 ƴan gida ɗaya ne da 504, suna shiga ba tare da yanke-yanke da yawa ba. Amma cusa baƙon inji mai ƙarfi a motar da birkinta da sasinta ba su san da zuwansa ba ganganci ne, ko da ya burge a bidiyo. Mai son ƙarfin ratsa yashi ma yana da abin nema na asali: kamfanin Dangel na yankin Alsace ya riƙa mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu tun farkon shekarun 1980, kuma ita ce mafarkin duk mai tara Peugeot, sai dai samunta sai an tona.

Kuɗin mai ma na cikin lissafi. Injin karbireta kan haura lita 10 a kilomita 100, da lodi ko cikin gari ya fi haka. A da, fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ya sa mutanen Maradi da Ƙonni ba su damu da wannan ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 wannan arahar ta tafi, kuma ko da matatar Soraz da ke aiki a jihar Damagaram tun 2011, bashe mai fetur ta fi dacewa da fitar ƙarshen mako fiye da zirga-zirgar kullum.

Kayan gyara da iyakoki

Farautar kayan gyara ita ce rabin aikin, kuma ga wasu ita ce daɗinsa. A Yamai ana bin Katako da wuraren masu tsohon ƙarfe. Daga Maradi da Damagaram kuwa ido Kano yake kallo, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, sai Panteka ta Kaduna, ga mai dogon hannu kuma Ladipo a Legas. Kayan 504 na samuwa, sabo da tsoho, kodayake sabon na yanzu sau da yawa kwaikwayo ne da ba ya daɗewa. Na 404 ne ke wahala: gilashin gaba, fitilun baya, ragar hanci da robobin ƙofa. A nan ƴan ci-rani ke da rana, domin a Faransa akwai shagunan da suka ƙware a kan tsofaffin Peugeot, kuma ƙaramin kaya na shiga akwatin mai zuwa hutu.

Siyasa ma ta shiga gareji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya har zuwa watan Maris na 2024, kuma duk motar da ke jiran kaya daga Kano a lokacin ta ci gaba da zama kan bulo. Hanyar Kwatano, wadda ta nan motoci da kayansu suka saba shigowa, ita ma ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi. Wannan ya sa masu wayo ke sayen mota biyu, ɗaya a tayar, ɗaya a riƙa cirar kaya a jikinta.

Takardu, da maganar da ba a son tayarwa

Injin da ya mutu ya fi takardar da ta ɓata sauƙin tayarwa. Yawancin motocin nan sun wuce hannu biyar ko shida ba tare da an sauya suna ba, kart giriz ɗin ta ɓata ko gara ta cinye ta, ko kuma lambar da ke jikin sasi ba ta dace da ta takarda ba. Kafin a kashe ko dala ya kamata a tabbatar da lambar sasi, takardar mallaka da shaidar duwan, a kuma tambayi ofishin sufuri abin da doka ta tanada idan an sauya inji daga fetur zuwa gazuwal. In ba haka ba, motar da aka yi shekara biyu ana gyarawa za ta ƙare a shingen jandarma na farko.

Sai maganar gado. Motar marigayi da ke ƙofar gida ba ta ɗa guda ba ce, ko da shi kaɗai ya damu da ita. Muddin tana kan bulo babu mai waiwayarta, amma ranar da ta fito tana sheƙi kowa zai tuna yana da rabo, kuma shari'a na bayansa. Hanya mafi tsabta ita ce a tara magada, har da mata da iyayensu, a yi wa motar kuɗi a yadda take kafin gyara, mai so ya biya kowa haƙƙinsa a gaban shaidu, a rubuta. Abin kunya ne a wurin wasu ɗa ya sayi motar ubansa, amma ya fi a kai ƙarar juna gaban alƙali a kan abin da aka fara don tunawa da shi.

Akwai kuma abin da ke ƙarewa da sauri fiye da motocin kansu, wato mutanen da suka san su. Makanikan da suka koyi aiki a kan 404, waɗanda ke saita karbireta da kunne su daidaita kwantak da takardar kwalin sigari, yawancinsu sun haura sittin. Yaran garejin yanzu babur ɗan China da injin Toyota suka buɗi ido suka gani, wasu kuma sun koma na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. A garejin da aka shigo da bashe, tsohon maigida da ya daina kwanciya ƙarƙashin mota yakan sa a jawo masa benci kusa da ita, ya ce a buɗe bonet, ya kira yaran su zo su riƙe masa sifana.